Hoton Ɗan Farin Dada Fatu

A unguwarmu ta Roni, in aka ce wa mutum "ka cika Fatu", ana nufin ba ya karɓar magana sai ya juya ta ya ga bayanta. Fatun nan kuwa kakata ce, mahaifiyar babana, mu jikoki Dada muke ce mata. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, tun kafin a haife ni har yau da ƙarfi ya fara ja mata da baya. Ban taɓa ganin ta sayi gyaɗa ba tare da ta cusa hannu har gindin buhu ba. Sai ta damƙo, ta ɓare, ta tauna, sannan ta dubi mai gyaɗar kamar shi ne ya sace mata akuya bara. In ka yi mata kyauta sai ta tambaye ka me kake so. In ka ce ta yi kyau sai ta ce wa ya aiko ka.

Ba zan yi mata kara don tana kakata ba. Halin nan nata yana da ban haushi, kuma ba kullum yake fisshe ta ba. Shekarar da masu rigakafin dabbobi suka zo, kulle awakinta ta yi a ɗakin girki, wai ƙirga su ake son yi don a dawo da jangali. Da ciwo ya shigo gari, na maƙwabta suka tsira, nata suka bi juna. Har gobe ba ta ce ta yi kuskure ba, cewa take yi kwanansu ne ya ƙare.

Asalinta 'yar ruga ce daga wajen Gwiwa. Ta taso da ƙwaryar nono a ka, tana shiga gari talla, kuma ta ce a nan ta gama karantar mutane: wadda za ta tare ta da fara'a tana "ƙanwata, ƙanwata", ita ce za ta bi unguwa tana cewa an tsinka nonon da ruwa. Ta auri kakanmu Haladu yana da garkensa daidai gwargwado. Ciwon shanu ya zo ya share garken, suka sauka a Roni, shi ya kama fartanya, ita ta koyi matsar mai a wajen matan gari. Fulatancinta ya tafi a hankali, yanzu ba ka jin sa sai in ranta ya ɓaci ƙwarai.

Ɗanta na fari sunansa Sama'ilu. Ni ban san shi ba. Babana ma, Falalu, kusan a ce bai san shi ba, domin 'ya'yan da ke tsakaninsu duk sun koma tun suna ƙanana, kuma shi ko famfara bai fara ba lokacin da yayan nasa ya bar gida. Labarin a ƙasa-ƙasa ake ba da shi. San huɗa ɗaya ne ya rage wa kakanmu a duniya. Wata rana Sama'ilu, yana saurayi, ya fita kiwo da shi, ya dawo da igiya kawai. Kakanmu ya tsaya a ƙofar gida, a gaban jama'a, ya ce kada ya sake ganin ƙafarsa sai da san. Yaro ya juya ya tafi. Dada tana bayan zana tana jin komai, ba ta fito ba, ba ta ce uffan ba, saboda ɗan fari ne. A gidajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta sa baki a maganarsa. In ta yi ta zubar da kunya, kuma a wurin mutanen Dada gara ka rasa saniya da ka rasa kunya.

An haura shekara arba'in ke nan, ba labari, ba dalili. Kakanmu ya rasu da abin a ransa. Dada kuwa ban taɓa jin ta ambaci maganar ba. Abin da na sani kawai, in baƙuwar murya ta yi sallama a zaure, hannunta yakan tsaya cak a kan abin da take yi, sai ta gane mai muryar sannan ta ci gaba.

Ni tela ce a Kazaure, a nan babana yake aikin ofis, a nan kuma aka yi mini aure. Kamar kowa, ni ma ƙirƙirarriyar basirar nan ta cikin waya ta shiga sana'ata. In mace ta kawo yadi ta rasa irin ɗinkin da take so, sai in faɗa wa wayar, ta zano mana kala-kala, mai yadi ta zaɓa. Manoma suna ɗaukar hoton ganyen gyaɗa su tambaye ta ciwon da ya kama shi. 'Yan makaranta sun mayar da ita babbar yayarsu, ita ke yi musu aikin gida. Har bidiyo na gani na rago yana yi wa mahauta nasiha da Hausa tiryan-tiryan. Wata Juma'a da na je Roni na ce bari in tsokani tsohuwa, na kunna mata tana magana.

Dada ta ja zanenta ta matsa gefe. Ta ce, "Ke Khairiyya, wannan 'yar gidan wa ce?"

Na ce, "Dada, ba mutum ba ce. Na'ura ce aka ɗura mata abin da mutane suka rubuta, da hotunansu, da muryoyinsu, har ta iya kwaikwayo."

"Wa ya ɗura mata?"

"Mutanen wata ƙasa can."

"Kin san su?"

"Ina zan san su?"

"To tambaye ta sunan saniyar da babana ya ba ni da aka yaye ni."

Na tambaya ina dariya. Na'urar ta ce ba ta da hanyar da za ta sani, amma ga irin sunayen da makiyaya kan sa wa shanu, ta jero su reras. Dada ta taɓe baki ta ce, "Kin ji ko, ja'ira? Ba ta sani ba, kuma ta kasa yin shiru. Mai irin wannan hali ko mutum ne ba na barin sa kusa da tukunyata." Na ce mata ai ita ko mala'ika ne ya sauko sai ta nemi ganin katin shaidarsa, ta kai mini duka da mafici.

Babana ne ya zo da maganar hoto. A ofis ya ji labarin wasu mutanen Yankwashi da suka gyara tsohon hoton ɗan'uwansu da ya ɓace, suka baza a waya, aka dace. Tun daga ranar ya kasa sukuni. Kowa a gidanmu ya san akwai hoton Baffa Sama'ilu guda ɗaya a duniya, kuma yana cikin akwatin Dada, amma wa zai tambaye ta? Babana ba zai iya haɗa ido da ita a kan maganar yayansa ba. Sai aka tura ni, tunda jika ba ta da shamaki.

Ni ma ban tunkare ta kai tsaye ba. Ina taya ta murza ƙuli na ce, kamar da bango nake magana, yanzu fa ana gyara tsohon hoto ya dawo sabo, har a yi cigiyar mutum da shi a gan shi. Ta ce, "Ku dai ku yi ta miƙa fuskokinku ga abin da ba ku san asalinsa ba." Ta yi ta faɗa, ta zagi waya, ta zagi wanda ya ƙera ta. Can sai ta miƙe ta ɗauki mayafi, ta ce za ta shiga barka maƙwabta. Da na leƙa ɗakinta sai na ga makullin akwati a kan murfin, makullin da kullum yake ɗaure a bakin zanenta. Hoton yana sama-sama a kan kaya, a naɗe cikin ƙyallen atamfa.

Ɗan ƙarami ne, baƙi da fari, bai kai tafin hannuna ba. An ce a kasuwar Kazaure wani mai yawon ɗaukar hoto ya ɗauke shi. Saurayi ne siriri a tsaye, ya ɗaga hannu don a ga agogon da kowa ya san na aro ne. Danshi ya ci gefe ɗaya, ninki ya ratsa ta tsakiya, fuskar kuwa duk ƙarje-ƙarje ne kamar kaza ta yi tono a kai.

Muka kai wa Zaharadeen, mai shagon hoto da kwamfuta a kusa da tasha. Mutumin kirki ne, ba ni da abin da zan ce da shi. Ya ɗora hoton a injinsa, ya danna abin da zai danna, kafin babana ya gama gyara zama fuska ta fito fes a allo. Ƙarje-ƙarjen nan duk sun ɓace, an sa launi, fata sumul, ido tar. Sannan ya ce wa na'urar ta tsufar da shi, ta nuna yadda zai kasance yanzu. Sai ga dattijo cikakke, da furfura a gemu, da kumatu, da farar riga, kai ka ce daga Makka ya sauka jiya. Babana ya cire tabarau ya goge ido, ya ce, "Allahu akbar, ga Yaya." Ni ma na ce masha Allah.

Washegari ya ɗauki hotunan biyu, na saurayi da na dattijo, muka tafi Roni don Dada ta gani kafin a baza. To labari ya riga mu isa. Muka tarar da matan unguwa sun cika tsakar gida, kowa na son ganin yadda na'ura ta dawo da ɗan Fatu. Babana ya durƙusa ya miƙa mata. Dada ta juya fuskarta ga bango, hannunta yana ta murza ƙuli.

Ya ce, "Inna, da kin ɗan duba mana."

Ta ce, "Ku da kuka ga za ku iya, sai ku yi ta yi."

Tsofaffin mata suka hau yabo, kai, Fatu akwai kunya, irin su sun ƙare. Iya Shatu maƙwabciyarta, wadda ta san Baffa Sama'ilu yana yaro amma idonta ya yi hazo, ta kai hoton har bakin hancinta ta ce, "Kamar shi, kamar ba shi ba. Ya dai yi ƙiba." Aka kwashe da dariya. Na mayar da tsohon hoton akwati, babana kuma ya baza sababbin a duk zauren waya da shafin cigiya da ya sani, da suna, da gari, da lambarsa a ƙasa.

Daga nan wayarsa ta daina hutawa. Wani ya ce ya gan shi a Damagaram, wani ya ce a Legas, wani ya ce yana asibiti a turo abin magani. Har wani ya aiko da saƙon murya, murya mai rawa irin ta tsofaffi tana cewa, "Falalu ƙanena, ni ne." Babana ya kwana biyu bai ci abincin kirki ba, sai da Zaharadeen ya saurara ya ce wannan ma na'ura ce ta haɗa, ba mutum a bayanta sai ɓarawo. Sau ɗaya ya yi doguwar tafiya a motar haya don ganin wani bawan Allah mai taɓin hankali, ya tarar ko kama babu. A hankali babana, mutumin da a da ko yaro ya faɗa masa magana yarda yake yi, ya koma uwarsa sak. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi.

A cikin wannan hali ne wani ya kira da rana tsaka, ina gidan, babana yana cin abinci, ya sa wayar a fili kowa na ji. Mai kiran ya ce sunansa Muhammad Auwal, mutumin Kanya Babba, direban babbar mota ne mai kai shanu kudu. Ya ce a wata kara a ƙasar Yarabawa akwai wani dattijo da yake kula da shanun da ba a kai ga sayarwa ba, Sama'ilu ake ce masa, Hausarsa tana da ɗan gaurayen Fulatanci, kuma ya taɓa cewa shi daga wajen Kazaure yake.

Babana ya ce, "Ya yi kama da hoton?"

Auwal ya ce, "To, gaskiya Alhaji, ba sosai ba. Wannan a rame yake. Kuma yana da bille a kunci."

Babana ya ɗaga kai ya dubi hoton dattijon nan, wanda ya sa aka faɗaɗa aka rataye a falonsa. Kunci sumul. Ya ce, "Namu ba shi da bille. Mu gidanmu ba a yin tsaga. Na gode, Allah Ya saka." Ya kashe wayar ya ci gaba da cin tuwonsa. Kuma ta wani fannin yana da hujja, domin shi kansa fuskarsa ba ko ɗigo, ni ma ban taɓa ganin mai bille a danginmu ba. Tambaya ɗaya ce za ta raba gardama, a Roni, wajen mace ɗaya, amma ba tambayar da ɗa zai iya yi wa uwarsa ba ce.

Damina ta zo ta wuce. Na koma gidan babana goyon ciki, na haifi ɗana na fari, Dada ta zo Kazaure yi mini wankan jego. Ta iso da ƙullin kaya niƙi-niƙi, don ba ta barin abin da take so a gidan da ba ta nan. Ruwan wankanta kuwa, Allah Ya isa, kamar za ta fige kaza. Kullum sai mun yi faɗa a kan jaririn. In ta ga na rungume shi ina sumbatarsa a gaban mutane sai ta ce, "Ke ba ki da kunya? Ɗan fari ne fa." Ni kuma in ce ni na yi naƙudarsa, ba mutanen ba.

Bayan suna da 'yan kwanaki, baƙi sun watse, babana ya tafi ofis, gida ya yi tsit. Dada ta shiga falonsa neman tabarma, wurin da ba ta taɓa takawa ba tun zuwanta. Na ji ta daɗe, sannan ta ƙwala mini kira. Na same ta a tsaye, hannu a ƙugu, tana duban bango.

Ta ce, "Wannan wane ne ubanki ya rataye? Ɗan siyasa ne?"

Na yi dariya, na ɗauka tsokana ce. Na ce, "Haba Dada, ba kowa a nan, daga ni sai ke. Ki daina."

Ta ce, "Tambayarki nake yi."

Na daina dariya. Na ce, "Baffa ne. Wanda aka gyara. Ga na samartakarsa nan a gefe."

Ta matsa kusa. Ta dubi dattijon, ta dubi saurayin, ta daɗe a kan saurayin. Na ga leɓenta yana motsi. Sai ta juyo ta ce, "Ina billen?"

Ba ta jira amsata ba, ta wuce ɗaki ta kwance ƙullin kayanta, ta fito da ƙyallen atamfar nan. Ta ja ni bakin ƙofa inda haske yake, ta ɗora farcenta a kan fuskar saurayin. A cikin ƙarje-ƙarjen da suka cika hoton akwai layi ɗaya da ya taso daga gefen hanci ya gangaro kuncin hagu. In ba an nuna maka ba, ba za ka taɓa bambanta shi da sauran ba.

Ta ce, "Wanzami Daudu ne ya yi masa ranar suna, muna ruga. Ina ɗaki ina jin kukansa. Da muka sauko gari sai malam ya hana a yi wa na baya."

Wannan ce magana mafi tsawo da na taɓa ji ta yi a kansa. Ni kuwa haushi ne ya turnuƙe ni, har na rasa wanda zan ɗora wa. Na'urar da ta ga tsagar wanzami ta ɗauka datti ne ta goge? Zaharadeen da ya ce daga baya ita haka take, in ta ga wuri ya lalace sai ta cike shi da irin fuskokin da ta saba gani? Babana? Ko tsohuwar nan da take tona buhun gyaɗa har gindi, amma abu ɗaya da ya fi komai bukatar idonta ta juya masa ƙeya don kada matan unguwa su ce ba ta da kunya? Na buɗe baki zan faɗa mata haka, na ga har yanzu farcenta yana kan billen, na haɗiye.

Na kira babana. Ko hula bai ɗauko ba ya taho a kan acaɓa. Ya zauna a tsakar gida yana bin lambobin da suka kira shi watanni baya, ɗaya bayan ɗaya, gumi yana ɗiga a kan wayar, har Allah Ya sa ya faɗa kan ta Muhammad Auwal. Ya sa ta a fili. Dada tana zaune a bakin ƙofar ɗakina, ta ba mu baya.

Babana ya ce, "Malam Auwal, dattijon nan mai bille. A wane kunci yake?"

"Na hagu, Alhaji. Daga gefen hanci."

"Yana nan?"

Auwal ya ce, "Ai ya tashi. Tun kafin ruwa ya ɗauke. Ba shi da waya, kuma bai faɗa wa kowa inda ya nufa ba. Wasu sun ce ya bi wata mota da ta yi gabas."

Babana ya dafe kai. Sai muka ji muryar Dada daga bakin ƙofa, ba ta juyo ba. Ta ce, "Tambaye shi, ya ga hoton?"

Auwal ya ji ta. Ya ce, "Hajiya, barka da gida. Ya gani. Ni na nuna masa da hannuna, bayan na yi magana da Alhaji, don raina bai kwanta ba. Na karanta masa sunan da garin. Ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo. Sai ya ce suna nasa ne, gari nasa ne, amma fuska ba tasa ba ce."

"Sai me?" in ji babana.

"Alhaji, ban so in faɗa ba."

"Faɗi."

"Ya ce, to shi ke nan, innarsa ta rasu ke nan. Ya ce da tana da rai da ba za ta bari a fitar da wannan fuskar a ce tasa ce ba. Ya ce ita kaɗai ce da ma zai koma dominta. Ya yi mata addu'a, har ya sayi ƙosai ya raba wa yara sadaka."

Jaririna ya farka ya fara kuka a ɗaki, ban iya tashi ba. Dada ta faɗi wata kalma da Fulatanci wadda ban san ma'anarta ba, ta miƙe ta shiga ta ɗauko shi, ta yi ta jijjiga shi har ya yi shiru.

Da safe bayan wanka ta ce in ɗauko wayata. Ta fito da kujerarta tsakar gida, ta zauna inda rana take dukan fuskarta. Matan gidan suna nan, maƙwabciya ma ta shigo ɗiban wuta, na ce ko mu bari su fita. Ta ce su tsaya.

Ta ce, "Irin mai motsin nan za ki ɗauka, mai magana. Kuma kada ki bari abin nan ya taɓa ni. Yadda nake ɗin nan, da giɓina da tamojina."

Na ce, "Ba zai taɓa ki ba, Dada."

Ta dubi wayar kamar yadda take duban mai gyaɗa. Ta daɗe har na ɗauka ta fasa. Sannan ta ce, "Ni ce Fatu matar Haladu, ta Roni. Ban mutu ba. Wanda ya ce kada ka dawo shi ne ya mutu. Kana da bille a hagu, na sani. Ka zo gida."

Muka aika wa Auwal, ya yi alkawarin nuna wa duk direban da ya sani, su kuma su nuna a kowace kara. Babana ya sa a duk wuraren da ya sa hoton farko, ya roƙi a goge wancan, ko da yake abin da ya shiga waya ba ya goguwa. Kafin azahar mutane sun fara rubutu a ƙasan bidiyon. Wasu addu'a suke yi. Amma wanda ya fi samun masu goyon baya wani ne da ya rubuta cewa jama'a a yi hattara, wannan tsohuwar na'ura ce ta haɗa ta, a dubi yadda bakinta yake motsi, 'yan damfara ne. Wasu suka bi shi da cewa tabbas, ai ba uwar da za ta fito duniya ta yi maganar ɗanta haka.

Na ji kamar in yi jifa da wayar. Dada tana kallona ta ce, "Me suka ce?"

Na so in ɓoye, amma wa ya isa ya ɓoye wa Dada magana? Na karanta mata duka. Ta saurara har ƙarshe, ta gyaɗa kai.

Ta ce, "Ko ni ce haka zan ce." Ta jawo kujerar ta mayar da ita cikin rana, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Sake ɗauka."